Shekarar da Aka Ƙara wa Ɓaure

Baffana da mahaifina sun yi shekara 7 ba sa ga-maciji, kuma duk a kan bishiyar ɗorawa guda ɗaya da ke kan iyakar gonakinsu. Uwa ɗaya uba ɗaya suke. Majami'a ɗaya suke zuwa. Ran Lahadi wannan ya zauna wajen taga, wancan ya zauna bakin ƙofa, don in an tashi ya riga kowa fita. Fastonmu na lokacin dattijo ne mai haƙuri, ya yi ta zarya tsakanin gidajen biyu. Duk zuwan da zai yi, Baffa zai shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa, ya saurare shi tsaf har ya dasa aya, sannan ya ce, "To, Baba Fasto, na ji. Gaskiya ka faɗa. Bari dai a gama aikin kaka, ni da ƙafata zan taka in same shi." Ko sau ɗaya bai taɓa yi masa musu ba. Kaka ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce.

A shekarar ƙarshe damina ta yi albarka. Dawa ta yi kyau, Baffa ya cika rumbu biyu, ya sa aka yi wa na uku sabuwar jinka. Hunturu ya shigo, saura 'yan kwanaki Kirsimeti, ya kwanta da dare yana cewa ƙirjinsa ya yi masa nauyi. Da asuba matarsa ta taɓa shi, ta ji ya yi sanyi. Ranar da aka fara buɗe rumbun nan, an buɗe shi ne don a tuƙa wa masu zaman makoki tuwo. Ina tsaye aka ɗaga jinkar, yaro ya hau ya shiga yana miƙo dammuna, mata suna karɓa suna kaiwa bakin turmi. Mai dawar ko tsaba ɗaya bai ci ba. Maƙwabta, Kirista da Musulmi, suna ta shigowa gaisuwa, kowa da addu'ar da aka saba: Allah ya ji ƙansa, in tamu ta zo Allah ya sa mu cika da imani. Muna amsawa da amin, amma ban ga alamar akwai wanda ya ɗauka tasa tana kusa ba, har da ni.

Tun daga ranar, ba na karanta sura ta 13 ta Linjilar Luka ban tuna da rumbun nan ba. Surar ta fara ne da labarin mutuwa. Waɗansu sun zo wa Yesu da labari mai zafi: Bilatus, gwamnan da Romawa suka ɗora a kan Yahudiya daga wajen shekara ta 26 zuwa ta 36, ya sa an karkashe waɗansu Galilawa suna cikin miƙa hadaya. Masu kawo labarin da wata tambaya a cikinsu, irin wadda mu ma muke yi in muka ji mota ta kife da mutane, ko kwalekwale ya nutse, ko gini ya rufta: me waɗannan suka yi har irin wannan ta same su? Tambaya ce mai sanyaya rai, don tana sa mai yin ta ya ji shi dai yana tudun mun tsira.

Yesu bai ba su wannan sanyi ba. Sai ma ya ƙaro musu wani labarin da suka sani, na mutum 18 da hasumiya ta faɗa wa a Siluwam, can kudancin Urushalima. Su waɗannan babu sojan da ya zare musu takobi. Watakila sun fito ne da safe kamar kowa, wani zai ɗebo ruwa, wani ya raɓe inuwar gini don ya huta. Ya nuna wa masu sauraro cewa mamatan nan ba su fi sauran mutanen birnin laifi ba, sannan ya juya maganar kan su masu tambayar: in ba su tuba ba, su ma hallaka na jiran su. An zo a yi hirar gemun wani da ya kama wuta, sai aka ce kowa ya shafa wa nasa ruwa.

Nan take ya bi su da misali. Wani mutum yana da itacen ɓaure a garkar inabinsa. Shekara 3 yana zuwa neman 'ya'ya, ba ya samun ko ɗaya. Ya gaji, ya umarci mai kula da garkar ya sare shi, tun da tsare wuri kawai yake yi yana shan ƙarfin ƙasa. Duk manomi ya san maigidan bai yi zalunci ba. Garkar inabi wuri ne mai daraja, an kewaye shi, an gyara shi, kowane taƙi na ƙasarsa da amfaninsa. Itacen da ya samu wuri a nan ya samu gata, inuwar da yake yi ma tauye na kusa da shi take yi. Sai mai kula da garkar ya roƙi arziki: a ƙara masa bana kaɗai, zai yi masa kaftu, ya zuba masa taki. In ya yi 'ya'ya, madalla. In bai yi ba, a sare.

A nan misalin ya tsaya. Ba a gaya mana ɓauren ya haihu ba, ba a gaya mana gatari ya hau shi ba. An bar ƙarshen a buɗe domin mai sauraro ne zai cika shi da ransa. Ni da kai, ɗan'uwa, ke ma 'yar'uwa, a cikin shekarar nan ta ƙari muke. Numfashin da muke shaƙa yanzu roƙo ne aka yi mana aka karɓa. Har ma abubuwan da muke kuka da su, ciwon da ya kwantar da mutum wata guda, kasuwar da ta karye, jana'izar tsaran haihuwa, sau da yawa su ne kaftun da ake yi a gindinmu. Taki ba ya ƙanshi, fartanya kuwa ba ta shafa ƙasa a hankali. Abin tsoron shi ne, ita bishiya ba ta san ƙidayar shekaru ba. Ganin ganyenta shar take yi, ta ɗauka haka za a dawwama.

To, wane irin 'ya'ya ake nema? Amsar tana cikin wani misalin, a sura ta 21 ta Linjilar Matiyu. Wannan a Haikali Yesu ya ba da shi, a makon ƙarshe kafin a gicciye shi, bayan ya kori masu saye da sayarwa daga harabar. Manyan firistoci da shugabannin jama'a suka tare shi suna tambayar wa ya ba shi izini. Ya ba su labarin wani uba mai 'ya'ya biyu maza. Ya aiki ɗaya aiki a garkar inabi a ranar, yaron ya dubi tsabar idonsa ya ƙi, daga baya kuma zuciyarsa ta dame shi ya tashi ya tafi. Ya aiki ɗayan, wannan ya amsa da ladabi da girmamawa, amma ko hanyar gonar bai kalla ba. Yesu ya tambaye su wanne ne ya yi nufin uban. Su da bakinsu suka ce wanda ya je.

Mu tsaya a nan, don a gidan Bahaushe misalin ya fi ciwo. Yaron da zai ce wa ubansa ba za shi ba, gaba da gaba, a wurinmu marar kunya ne, an gama da tarbiyyarsa, unguwa duk za ta ɗauka. Wanda kuwa ya durƙusa ya sunkuyar da kai ya ce "To, Baba," shi ne ɗan albarka, shi ake nuna wa sauran yara. Da a ce da safen nan aka yanke hukunci, da na biyun ya cinye. Amma uban ba gaisuwa ya aike su ba, aiki ya aike su. Da yamma in ya zaga gona, sawun wanda ya je zai gani a kunya, ciyawar da aka nome ita za ta ba da shaida. "To" ɗin safe ba ta tuge ko tsiro ɗaya ba.

Baffana mutumin "to" ne, kuma ba shi kaɗai ba. Yawancinmu da muka tashi a cikin ikkilisiya mun iya "to" ƙwarai. Mun san inda ake cewa amin, mun san lokacin tashi da na durƙusawa, muna da anko na zumunta, sunanmu na cikin littafin baiko. Mai wa'azi ya yi magana a kan gafara mu gyaɗa kai, ya yi a kan riƙon amana mu ce gaskiya ne. Irin wannan amsawa tana da haɗarin da ƙin fili ba shi da shi. Wanda ya ce ba za shi ba ya san akwai magana tsakaninsa da ubansa, abin yana cin sa, yana hana shi barci, wata rana ya kai shi gona. Wanda ya ce "to" kuwa ji yake ya riga ya biya, sai ya koma inuwa da kwanciyar rai. Shi ya sa Yesu ya gaya wa shugabannin addinin nan abin da ya fi mari zafi, cewa masu karɓar haraji da karuwai suna riga su shiga Mulkin Allah. Waɗancan sun ji wa'azin Yahaya Maibaftisma sun juyo. Su kuwa malaman, ko da suka ga hakan da idonsu, ba su sake ra'ayi ba.

Kalmar tuba da muke amfani da ita daga Larabci ta zo mana, asalinta kuwa komowa. A Ibrananci ma kalmar da annabawa suka riƙa kiran Isra'ila da ita juyowa take nufi, irin ta matafiyin da ya gane ya saki hanya. Aikin ƙafa ne kenan. Da masu karɓar haraji suka tambayi Yahaya abin da za su yi, bai ce su yi kuka ba, ya ce kada su karɓi fiye da abin da aka yanka. Sojoji ya hana su ƙwace da ƙage, ya ce su dangana da albashinsu. Mai riga biyu ya ce ya ba marar ita ɗaya. Haka Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, ranar da Yesu ya sauka a gidansa: ya miƙe a gaban jama'a ya ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma ɗauki alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki 4. Tubarsa ta taɓa aljihunsa. Wadda ba ta taɓa komai ba, Hausawa sun riga sun raɗa mata suna: tuban muzuru, ana cewa na tuba, kazar mutane na baki.

Saboda haka tambayar ba ta da wuyar ganewa, wuyar yi gare ta. Mudun da kike auna wa mutane, an bubbuge gindinsa ko ba a bubbuge ba? Kuɗin marayun da aka ba ka ajiya, suna nan yadda aka ba ka? Ladan leburan da ya yi maka yini a rana, ka biya ko kana ta ce masa ya dawo jibi? Matar da kake kira a ɓoye, ƙanwar da kika yi shekara ba ki ɗaga wayarta ba, takardar da ka sa wa hannu ka san ƙarya ce a ciki. Kowa ya san garkar da Uban ya aike shi. Ba kasafai nufin Allah yake ɓuya mana ba. Mu ne muke cewa muna neman bayani, alhali jinkiri muke nema.

Jinkirin nan shi Yesu ya tone a misalin mai arzikin da ke sura ta 12 ta Luka. Abin lura, rigimar gado ce ta jawo shi: wani ya ɗaga murya daga cikin taro yana so Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba musu gado. Duk sa'ad da na zo nan sai ɗorawar gidanmu ta faɗo mini a rai. Yesu ya ƙi zama mai rabon gado, ya ba da labarin wani manomi da gonarsa ta yi albarka har ya rasa wurin zuba amfani. Mutumin nan ba ɓarawo ba ne, ba a ce ya ci iyakar kowa ba. Shawarar da ya yanke ma, kowane mai hankali ita zai yanke: ya rushe rumbunan, ya gina manya. Amma ka saurari zancensa. Shi kaɗai yake magana da kansa, babu Allah a ciki, babu maƙwabci, babu mayunwaci. Ya ƙidaya hatsi daidai, sannan ya ɗauka shekaru ma a rumbu suke, ya yi wa ransa alkawarin hutu mai tsawo. A daren nan aka karɓi ran, aka kira shi wawa, aka tambaye shi na wa kayan za su zama. Na ga amsar tambayar nan da idona a bakin turmi. Gobe ta Allah ce, muna faɗa kullum, amma kasafinta muke yi kamar gadon ubanmu.

Wani zai ce, ai Allah mai jinƙai ne, ba ga misalin ma'aikatan garkar inabi ba, waɗanda aka ɗauka saura sa'a ɗaya a tashi, aka kuma biya su dinari guda daidai da waɗanda suka wuni? Haka ne, kuma babu abin da ya kai wannan daɗin ji. Jinƙan ma ya wuce haka. A misalin ɗan da ya ɓace, yaron ya nemi rabonsa uban na da rai, wanda bisa Shari'ar Musa kashi ɗaya cikin uku ne tun da ɗan fari ninki biyu yake ɗauka. Ya je ya lalatar, ya ƙare a kiwon aladu, abin ƙyama ga Bayahude. Da ya komo, tun yana nesa uban ya hango shi, ya sheƙa a guje. Mu da muka san dattijo mai babbar riga ba ya gudu a bainar jama'a, mun san abin da uban nan ya zubar don ya tari ɗansa. Aka kawo riga, aka kawo zobe da takalmi, aka yanka kiwataccen maraƙi.

Sai dai a lura, ma'aikatan yamman nan ba ƙin aiki suka yi tun safe ba. Ba su samu mai ɗaukar su ba ne, ana kiran su kuwa suka tashi. Ɗan da ya ɓace ma bai tsaya wurin aladu yana tsara jawabi har mutuwa ta same shi ba, ya miƙe ya kama hanya. Sannan mai cewa zai jira yamma, wa ya gaya masa ƙarfe nawa ne a yininsa? Su 18 na Siluwam, ƙila akwai saurayin da ke ganin hantsi bai ma dubi ludayi ba, ashe magariba ce. 'Yan mata 10 da suka fita taryen ango a wani misalin Yesu, dukansu suna da fitila, dukansu sun yi gyangyaɗi. Da aka yi shela da tsakar dare, 5 suka tarar mansu ya ƙare, na ƙawaye kuma ba ya aruwa. Kafin su dawo daga wurin masu sayarwa an rufe ƙofa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bangaskiyar uwarka ba za ta kunna fitilarka ba, addu'ar matarka ba za ta je maka gona ba.

Ba mu da hujjar rashin ji. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kakanninmu sun ji misalan nan da harshen da suka sha a nono, mu kuma yau har a waya muke ɗauke da su. A wani misalin kuma, mai arzikin da wani matalauci mai suna Li'azaru ya kwanta a ƙofarsa, da ya tsinci kansa cikin azaba ya roƙa a aika wa 'yan'uwansa 5 gargaɗi daga lahira. Aka nuna masa cewa abin da ke hannunsu na Musa da annabawa ya ishe su, wanda bai ji wannan ba, ko matacce ya tashi ba zai ji ba. Mu abin da ke hannunmu ya fi nasu yawa.

Ban ba da labarin Baffa don in yanke masa hukunci ba. Abin da ya gudana tsakaninsa da Mahaliccinsa a daren nan, Allah kaɗai ya sani, kuma ina sa zuciya ga jinƙansa. Laifin ma ba nasa ne shi kaɗai ba. Mahaifina shi ne ƙarami, shi ya kamata ya fara takawa, shi ma jira yake yi a zo masa. Ranar jana'iza ya tsaya a bakin kabari har aka gama tura ƙasa, kowa ya watse, bai ce uffan ba. Bayan kwana uku ya tara 'ya'yan Baffa a gindin ɗorawar, ya ce ya bar musu ita da kunyoyin da ke kewaye da ita har abada. Abu mai kyau ya yi, kuma na gaskata Allah ya karɓa. Amma a hanyarmu ta komawa gida ya ce mini, "Ɗana, abin da na yi yau bai ɗauke ni rabin sa'a ba. Shekara 7 ina da rabin sa'ar nan." Har ya koma ga Allah, in aka kawo kalwa gidan ba ya son jin daga wace bishiya aka samo ta. Da na sani ƙeya ce.

Kai da kake karanta wannan, gatari bai hau ka ba tukuna, mai roƙo yana nan yana roƙa maka. In akwai ƙofar da ya kamata ka ƙwanƙwasa, ka san ta. In akwai abin da ya kamata ki mayar, kin san mai shi. Ko da safe ka ce wa Uban ba za ka ba, rana ba ta faɗi ba, hanyar gona kuma tana nan inda ka san ta. Kada ka ce sai an gama kaka.

Ya Ubangiji, ka gafarta mana yawan "to" da muka faɗa ba mu cika ba. Ka ba mu zuciyar da za ta juyo da ƙafar da za ta taka, tun muna da sauran numfashi. Ka sa shekarar da ka ƙara mana kada ta tashi a ganye. In tamu ta zo, ka same mu a cikin garkarka muna aiki. Amin.